Likitar da Ta Shinshina Ƙullin Dela

A gindin tsamiyar kasuwar Gwiwa, Dela mai nono tana zaune da jikanta a cinya, kwana uku zawo na tsotse shi. Idonta na kan baƙuwar likitar da ke duba yara kyauta, siririya mai furfura a gefen kallabi, takalminta duk laka. Hausarta irin ta Barebari ce. Dela tana ayyanawa a ranta, lallai wannan ta daɗe a sansanin 'yan gudun hijira, ko kukan yara ba ya firgita ta.

Da layi ya zo kanta, sai Dela ta tura ƙullin magungunanta na gargajiya ƙarƙashin zane, don ta saba shan faɗa a asibiti.

"Inna, fito da shi mu gani," in ji likitar.

Da Dela ta kwance ƙullin, sai ga likitar durƙushe, tana shinshina su ɗaya bayan ɗaya.

"Jar kanwar nan a bar ta, ga ruwan gishiri da sukari. Amma ganyen sabarar nan, ya kike dafa shi? Koya mini."

Dela ta buɗe baki, sai hawaye. Shekararta sittin, yau ne karon farko da mai farar riga ta tambaye ta abin da ta sani.