Takardar da Na Rubuta wa Mahautan Garwa

Ranar Talata ce. Mijina Salisu ya fita kwata bayan sallar asuba kamar kullum, wuƙaƙensa naɗe cikin tsohon buhu. A bakin ƙofa ya juyo ya ce in ƙara yaji a miya, wai ta jiya kamar ta asibiti. Na jefe shi da murfin kwano. Ya kauce yana dariya.

Ƙarfe bakwai na kunna rediyo ina shara. Aka ce 'yan majalisa a Yawunde na ci gaba da duba dokar gyaran aikin 'yan sanda, sashe bayan sashe. Na tsaya da tsintsiya a hannu ina murmushi ni kaɗai, don ina ganin da hannuna a ciki.

Ga yadda aka yi. Shekara da shekaru 'yan sanda na shiga layin mahauta kowace safiya su ɗauki nama, cinya ko hanta, wanda ransu ya so. Wanda ya yi gunaguni sai a ce katinsa na ɗan ƙasa bai yi daidai ba, ya kwana biyu a tsare. Da aka ji cewa kwamitin majalisa na karɓar koke kafin a gama dokar, Sarkin Pawa ya tara mutanensa. Babu mai Faransancin rubutu a cikinsu. Salisu ya ce matarsa ta yi boko.

Kwana uku na yi ina rubutun nan. Ni mai karatun littattafan soyayya ce, irin waɗanda 'yan kasuwa ke kawowa daga Kano, kuma a cikinsu wasiƙa mai kyau ba ta faɗuwa ƙasa banza. Tana isa hannun mai tausayi, ya karanta, hawaye ya zubo masa. Haka na ɗauki duniya. Na zaɓi kalmomi kamar mai rubuta wa masoyi. Mutum goma sha ɗaya suka dangwala yatsa, na rubuta sunan kowa a gefen yatsansa dalla-dalla, har da lambar teburinsa, don kada manya su ce ƙarya ce. Salisu ne na farko. Sati uku ke nan da aika ta.

Ƙarfe sha ɗaya saura kwata na isa kasuwa da abincinsa. Layin mahauta na da kiɗansa: gatari a kan kututture, wuƙa a kan wuƙa, ƙudaje, ciniki da Fulatanci. Salisu na fiɗar ƙafar wani sa. Ya ɗaga mini gira, ya ce in ajiye a ƙarƙashin tebur.

Sai gatarin ƙarshen layi ya yi shiru. Na kusa da shi ma ya yi shiru. Shirun ya taho tebur bayan tebur har ya iso gare mu, sannan na ji takun takalma.

Su takwas ne, da bindigogi. Na gabansu na riƙe da takarda. Daga inda nake na gane ta. Shuɗiyar tawadata ce, rubutuna ne mai kwanciya gefe ɗaya. An buga mata jan hatimi a sama. Ashe haka ofis ke aiki: ka kai ƙarar mutum, a aika masa da ƙarar taka wai ya ba da amsa. Ga amsar ta zo da ƙafarta.

"Tebur na huɗu! Salisu!"

"Na'am," in ji shi.

"Jefar da wuƙar!"

Ku da ba ku tashi cikin mahauta ba, ku saurara. Mahauci ba ya jefar da wuƙa a ƙasa. Tun yana yaro ake dukansa a kan haka. Da ita ake yanka da sunan Allah, don haka in zai rabu da ita sai ya goge ta, ya kwantar da ita a kan tebur, kaifin na kallonsa. Hannunsa ya san wannan kafin kansa ya sani. Duk ɗan sandan da ya ci naman layin nan shekara goma ya ga ana yin haka sau dubu.

Salisu ya ɗaga wuƙar zuwa ƙirjinsa don ya goge ta a jikin riga.

Harbi biyu. Na biyun ya fi na farkon ƙara, ko kuwa kunnena ne.

Ya zauna tukuna, kamar wanda ya gaji, sannan ya kwanta. A littattafan da na karanta, masoyi kan sami lokacin faɗin magana ta ƙarshe. Ƙarya ce. Bai ce komai ba. Bai ma dube ni ba.

Kasuwa ta fashe. Tebura suka kife, mata na ihu, wani sa ya tsinke igiya. Ina rarrafe zuwa gare shi sai wani hannu ya fizge ni ta baya. Baba Audu ne, tsohon da ya koya wa Salisu fiɗa.

"Wa ya rubuta wannan?" mai takardar ke ihu. "Wa ya rubuta?"

Duk layin sun san amsa. Ana dukansu da gindin bindiga, babu wanda ya dubi inda nake. Baba Audu ya tura ni cikin rumfar masu hatsi. "Kada ki waiwaya, 'yata. Tafi!"

Sha biyu da kwata na isa unguwarmu Pumpumre, takalmi ɗaya a ƙafata. Ban shiga gida ba. Maƙwabciyarmu Dada Habiba, wata tsohuwar Bafulatana, ta tare ni a lungu. Ta ce mutum biyu sun zo suna tambayar matar mahaucin da ta yi boko, kuma sun ce za su dawo. Ta cire mayafinta ta lulluɓa mini, ta ba ni silifas ɗinta. "Doggu, ɓingel am," ta ce. Gudu, 'yata.

Ana kiran azahar Baba Audu ya same ni a bayan tashar shanu, goshinsa a fashe. Ya damƙa ni ga wani direba, Malam Isa, mai kai shanu kudu, wanda ya san kawuna a Maiganga. Aka zaunar da ni a gaba, kusa da taga.

Ƙarfe biyu da rabi muka iso gadar Binuwai. Shinge. Ɗan sanda ya leƙo, ya daɗe yana kallona.

"Wannan fa? Ta yi makaranta?"

Malam Isa ya yi dariya har da buga sitiyari. "Wannan? Ranka ya daɗe, ko alif ba ta sani ba. Ƙanwar matata ce, shanun baya sun fi ta karatu."

Ɗan sandan ya yi dariya shi ma. Na sunkuyar da kai na bar su suna yi. Na ciji leɓena har na ji gishirin jini.

Muna wuce Ngong aka yi la'asar. Daga baya na ji cewa a daidai lokacin ne mahauta suka binne Salisu, cikin sauri, 'yan sanda na tsaye a bakin maƙabarta. Ban yi masa addu'a a kansa ba. Ina cikin mota, shanu na kuka a bayana.

Wajen ƙarfe biyar da rabi, inda hanya ta lalace kafin hawan dutsen Ngaundere, marata ta fara ciwo. Kowane rami muka faɗa sai in ji kamar an murɗe ni. Ban gaya wa direba ba. Na ƙanƙame mayafin Dada Habiba.

Washegari da hantsi muka shiga Maiganga. Matar kawuna ta dube ni sau ɗaya ta ja ni ɗaki, ta aika a kira unguwarzoma.

A can na yi takaba. Ina cikinta rediyo ya ce kwamitin ya ɗage maganar dokar zuwa wani zama, don a ƙara nazari. Da murya mai daɗi aka faɗa, sannan aka sa kiɗa. Babu ɗan majalisa ɗaya da ya tambayi inda takardar mahauta ta kwana. An saki mahautan da aka kama a ranar bayan sati biyu, Sarkin Pawa da karyayyen hannu. A takardar hukuma an rubuta cewa wani mahauci ya zaro wa jami'i wuƙa.

Mutanen Garwa, in suna ba da labarin ranar, suna cewa mutum ɗaya aka kashe a layin mahauta. Ba na gyara musu. Cikin da ya zube mini na wata biyu ne, kuma ban riga na gaya wa Salisu ba. Na bari sai Juma'a, in ya dawo masallaci, in na yi lalle.