Bamalli, Wanda Ya Ƙi Yi wa Taya Zanen Ƙarya

Duk mai bi ta bakin tashar Suleja da sassafe ya san Malam Bamalli mai faci. Daga masallaci sai gindin mangwaron nan, ya share wurinsa, ya cika durom da ruwa, ya jingine famfo. Kafin ya amsa gaisuwar direba, tafin hannunsa ya riga ya shafa taya. Har tsokanarsa ake yi, wai sai ya gaida taya yake gaida mai ita. Tun garin nan yana amsa sunan Abuja yake wannan zama. Yanzu ciwon baya ya ce masa ya isa, ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

Akwai wata muguwar dabara da ta zama ruwan dare. In taya ta cinye ta yi sanƙo, sai a gasa ƙarfe a tsattsaga mata sabon zane, ta fito fes kamar sabuwa. Bamalli bai taɓa yi ba, kuma 'yan tasha ba su manta ranar da aka gwada shi ba.

Da damina ne, ranar kasuwar Gawu. Ummaru, ƙanen matarsa Asabe, ya tsaya da a-kori-kura cike da mata da tukwanensu, ga hadari ya haɗo.

"Yaya, ɗan ja wa ta gaban nan zane, sauri nake."

Bamalli ya shafa tayar, ya kamfaci ruwa ya watsa mata. Ruwan ya kwanta luf.

"Ka gani? Zanen taya ba ado ba ne, kwata ce. Ta nan ruwa ke gudu, taya ta kama ƙasa. Wannan ba ta da sauran nama. In na tsaga ta zare zan taɓa, ta fashe maka a gangare."

"Haba Yaya! Kowa fa haka yake yi."

"Ba da hannuna ba."

Ummaru ya hau faɗa, ya rantse shi da wurin nan har abada. Maganar ta sosa ran Bamalli, don yana son Ummaru kamar ɗan cikinsa. Amma ina! Ya kafa jak, ya kwance tayar, ya yi zamansa daram a kanta. Sai Saudatu mai tukwane ta leƙo daga bayan mota ta ce, "Direba, ka ji ta Malam. Mu ba tukwane ba ne, in mun fashe ba a sake gina mu."

Dole Ummaru ya nemo wata mai cikakken zane. Cin kasuwar safe ya wuce su, shi kuwa ya ɗauke ƙafa, ko gaisuwa babu.

Damina ta kusa fita, sai ga shi wata safiya ya durƙusa a gindin mangwaro. Ashe jiya ana tsuga ruwa, shanu suka faɗo masa a gangare, mota maƙil da mutane. Ya take birki.

"Yaya," ya ce, "motar ta tsaya."

"To, alhamdu lillahi. Juyo da ita in duba na baya."

Bamalli ke nan. Kai ne ka yarda a yi fushi da kai, ba a yi zaman makoki ba. Na Asabe, mai ido a tafin hannu, mun gode, Allah Ya ba da lafiyar baya, Ya sa ka huta cikin jikoki.

Ku kuma masu faci, ku koyi cewa a'a ko da ɗan'uwa ne ya tsaya a kanku. Direbobi, ku sunkuya ku shafa tayarku kafin ku ɗauki rai. Ba a yi wa mutum kiɗa don hatsarin da bai faru ba, shi ya sa muka yi masa yau. Akwai gidaje a Kwamba da Iku da ake hura wuta a cikinsu yanzu haka, uwa na rabon tuwo, 'ya'yanta ba su ma taɓa jin sunan Bamalli ba.