Ƙwayoyin hantar Malam Hai suna hannuna

Yaya Zhengshan da Malama Mu, ku yi haƙuri da na dame ku cikin makoki. Ni ce Shan Guiying, mai rainon ƙwayoyin halitta a ɗakin binciken marigayi. Na yi ta jinkiri, amma akwai abin da ba zai jira ba.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Maris, Allah Ya karɓi ran Malam Hai Zhenglin a birnin Zhengzhou na ƙasar Sin, ƙaninka Yaya, mijinki Malama. Sankarar hanta ce ta ɗauke shi, ita da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana bincikenta.

Ku bar ni in yi magana da shi kamar yana ji. Malam, tambayarka ɗaya ce tun da na san ka: me ke sa ƙwayar sankara ta bar hanta ta kama hanyar huhu? Sai ka kashe ƙwayar gado guda a cikin ƙwayoyin sankara, ka ja layi a tsakiyar farantin da muke rainonsu, mu zauna jiran ganin ko za su tsallaka. Yawanci tsallakawa suke. Ka kan ɗago daga madubin ƙara girma ka ce, "Yaya Shan, zo ki ga 'yan banza, kamar tashar jirgin ƙasa a jajibirin Sabuwar Shekara!" Ban taɓa jin ka ɗaga murya don aiki ya lalace ba. Da azumi kai ke karɓar farantaina da la'asar, kana cewa hannun mai yunwa rawa yake, alhali kai ma azumin kake.

Da aka yi maka tiyata, kai ka roƙi likita guntun abin da aka cire, ka miƙo min. Na ce, "Malam, jikinka ne fa." Ka yi dariya ka ce, "Na ciyar da shi naman rago shekara da shekaru, ya fito ya yi aiki mana." A cikin ƙwayoyin da na raina daga guntun ne muka kashe wata ƙwayar gado suka kasa tsallaka layin. Sau ɗaya ka gani. Ba ka samu ka maimaita ba.

Yaya, saƙonka ya iso ni, cewa in kawo abin da ya rage na jikinsa a binne kusa da shi. Ban ga laifinka ba, ni ma abin da aka koya min ke nan a masallacin mata. Na tambayi malamarmu, ta ce maganar ta magada ce. Shi kuwa bai bar wasiyya a kai ba, ba zan ƙaga masa ba. Ƙwayoyin suna raye. In kun ce a binne, zan naɗe su a farin ƙyalle in kawo da hannuna, aikin ya tsaya nan. In kun bari, za mu maimaita gwajin. Ba zan yi muku alkawarin magani ba.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya sa jinyarsa ta zama kaffara, Ya yalwata kabarinsa. Ya ba ku haƙuri, ku da 'yarsa Xiaoman da dukan dangi.

Na gaji, Yaya. Duk lokacin da ƙwayoyin suka cika faranti sai na raba su biyu don kada su mutu, abin da kake so a binne kuma ƙaruwa yake a hannuna. Don Allah ku ba ni amsa da wuri.