Tabarmar Kawu Sidi

Duk Bahaushen da ya ɗan jima a Kuala Lumpur ya san Kawu Sidi, ya kuma san tabarmar kabar nan tasa da ya taho da ita tun daga Kano. Ko titin Jalan Tuanku Abdul Rahman zai je sarin yadi, tana naɗe a hammatarsa. In ka tsokane shi sai ya ce, "Mutum bai san inda zama zai same shi ba."

Ai kuwa zaman ya same shi inda bai zata ba. Ɓarin jikinsa ya shanye, likita ya hana shi hawa jirgi, ga matarsa ta riga ta rasu, 'ya'ya suna gida kowa na ta kansa. Mu Hausawan garin nan muka kai shi wani gidan tsofaffi a unguwar Wangsa Maju. E, mu. Kada wani ya kau da kai, da ni da ku aka yanke shawarar.

Gidan ba laifi, akwai tsafta, har da jadawalin nishaɗi a bango: motsa jiki da safe, zane da hantsi, waƙa ƙarfe huɗu. Ranar farko ina tsaye, Sista Aina mai kula da su ta jera su a kekunansu, ta wurga wa Kawu balan-balan wai ya cafe. Ya bar shi ya bugi goshinsa ya faɗi. Sannan ya dube ni.

"Habu, gaya mata Makka sau biyu na je. Ban yi wannan doguwar tafiya don in ƙare a cafkar balan-balan ba."

Wata rana ta lallaɓa shi ya yi waƙa, ta miƙa masa abin magana. Ya gyara murya, falo ya yi tsit, sai ya ce da Malayancinsa na kasuwa, "Shinkafa da safe, shinkafa da rana, shinkafa da yamma. Ko tantabara ce ni ai a canza mini." Tsofaffi suka kwashe da tafi. Ba a sake ba shi abin maganar ba.

Dariyar ta tsaya ranar da Muthu ya rasu, wani tsoho Ba'indiye ɗan unguwar Brickfields mai gado kusa da nasa. Na je kai wa Kawu tuwo na tarar har an yaye zanin gadon, an fesa magani, ƙarfe huɗu na yi aka kunna kiɗa. Kawu ya sa na shimfiɗa tabarmar a ƙofar falon. Tunda ƙasa ba ta zaunuwa gare shi, kan tabarmar na tura kekensa, ya tare hanya ba shiga ba fita.

Sista Aina ta ce kiɗan yana ɗauke musu hankali daga damuwa.

Ya ce, "Ko akuya ce ta mutu ana yi wa mai ita jaje. A kashe."

Na raɗa masa, "Kawu, mutumin nan fa ba Musulmi ba ne."

"Salla na ce zan yi masa? Zama na ce. Maƙwabcina ne, minsharinsa ya hana ni barci wata takwas."

Kwana uku ya yi a ƙofar nan. Daga ranar, duk wanda ya mutu a gidan, Basine ne, Ba'indiye ne, Bamalaye ne, sai an shimfiɗa tabarma. Har ya koya wa Lim, wani tsoho da haƙori biyu suka rage masa, ya riƙa cewa "Ya haƙuri?"

Zuwana na ƙarshe da ransa, ya riƙe hannuna da hannunsa mai lafiya.

"Habu, in nawa ya zo, wa zai zauna?"

"Haba Kawu, mu mana."

"Ku? Ku da ina raye ma sai an yi salla nake ganin ƙeyarku?"

Na yi dariya, amma wallahi maganar ta sosa ni.

Kuma gaskiyarsa. Ranar Talata ya rasu, ɗalibai na jarrabawa, 'yan kasuwa na shago. Mu nawa ne a jana'iza? Kun sani. Daga maƙabarta kowa ya kama jirgin ƙasan unguwarsu, sauran ta'aziyyar a waya aka gama ta. Ni ɗin nan mai baki ma sai a kwana na uku na je kwashe kayansa.

Ƙarfe huɗu da 'yan mintuna na isa, ban ji kiɗa ba. A ƙofar falo ga tabarma a shimfiɗe, ga kekensa a kai ba kowa, tsofaffi shida sun kewaye shi sun yi jugum. Sista Aina ta ce tun ranar Talata suka ƙi motsa jiki, suka ƙi waƙa, ita ma ta daina tambayarsu.

Lim ya ɗago kai ya dube ni. "Ya haƙuri?"

Na cire takalmi na zauna a bakin tabarmar. Da zan tafi na kwashi komai nasa, ita na bar musu.

Allah ya ji ƙan Kawu Sidi, ya yalwata masa makwanci, ya zaunar da shi cikin mutanen kirki. Mu kuma da muka bar baƙi suka yi mana zamanmu, Allah ya yafe mana.