Ulun Maƙwabciya

Ni dai tun ina makarantar kwana saƙa ta shiga jinina. In na ga dunƙulen ulu sai yatsuna su fara ƙaiƙayi. Da aure ya kawo ni Jalingo, lokacin jihar tana sabuwa, kafin in tambayi wurin mai nama na tambayi inda ake sayar da zaren saƙa. Aka ce akwai wata Madam 'yar ƙabilar Kona a cikin kasuwa, bayan layin masu atamfa.

Ban samu zuwa ba sai da ciki ya shiga, na fari kuwa. Gidanmu na unguwar Sintali gidan Fulani ne, tsakar gida ɗaya muke da surukata, wadda kowa ke kira Dada. A irin wannan gida mai cikin fari ba ta nuna ta san da shi, balle a kama ta tana saƙa masa hula. Rashin kunya ne da za a yi ta ba da labarinsa har jikoki. Ni kuwa na rantse, ina da hannuna ɗana ba zai sa hular kanti ba.

Wata safiya na ce zan je cefane, na ja mayafi na rufe gabana.

Wayyo, shagon nan! Ɗan ƙuƙut ne, mutum uku sun cika shi, amma tun daga ƙasa har rufi ulu ne: ja, shuɗi, ruwan hoda, kore shar. Ga gwangwanin madara cike da kwarashin saƙa, ga shawul na jarirai rataye a igiya. Na ɗauki wannan na ajiye, na shinshina wancan, na goga a kumatu. Daɗi ya sa na manta da tumatir da duk danginsa.

"Amarya, wane kala kana so?" in ji Madam da gurguwar Hausarta. "Na bebi ne?"

"Na ƙawata ne," na ce, na damƙi dunƙule biyu ruwan ƙwai.

Sai na ji sallama a bayana, muryar Dada. Dada da ban taɓa gani riƙe da ko allura ba! Na rasa inda zan cusa ulun, na tsaya da shi kamar an kama kaza da hatsi a baki.

Ta dubi hannuna, ta ɗauke kai ta dubi rufi.

"Madam, ba ni irin na hannun yarinyar nan. Ki ƙara da fari."

"Mama, kai ma kana saƙa?"

"Ina! Wata maƙwabciyarmu ce, baiwar Allah, ta kusa sauka, ba ta da mai yi mata." Ta miƙo min ledar ba tare da ta kalle ni ba. "An ce kin iya. Ki taimaka mata da hula da safa da rigar sanyi. A tsakar gida za ki yi, ɗakinki duhu."

Na san maƙwabtanmu kaf. Babu mai ciki a layin nan in ban da akuyar gidan liman.

Tun daga ranar na baje tabarma a gindin mangwaro, ina saƙa a gaban kowa, har da 'yar waƙata ƙasa-ƙasa. Dada in ta zo wucewa sai ta ɗaga safa ta auna da yatsa ta ce, "Maƙwabciyar tana gaishe ki." Da na gama ta karɓe kayan ta kai ɗakinta, ban sake ganinsu ba. Wallahi na ji zafi, har na fara tunanin ko da gaske akwai matar.

Ranar da na sauka, Dada ce ta yi wa yarinyar wanka. Ta kawo min ita a nannaɗe, kanta sanye da hula ruwan ƙwai, da ɗan kuskuren da na yi a gefen kunne.

"Maƙwabciyar ta ce sun yi wa nata kaɗan," in ji ta. "Ta ce a ba wannan."

Ta juya tana gyara garwashi, kafaɗunta suna rawa da dariya. Ni kuwa kuka na fashe da shi.