Ranar da Kwamfuta Ta Manta Maƙwabciyarta

Kwamfuta uku ce a shagon yayata, sai firinta ɗaya mai yawan tari. Shekara da shekaru suna gane juna lafiya lau. A cikin kowace akwai ɗan fayil mai layi huɗu, suna da lambarsa. Ka ce "firinta", ta duba fayil, ta aika takarda.

Sai na dawo daga kwas na wata uku da satifiket da girman kai. Na ga fayil ɗin na ja tsaki. Na ce manyan kamfanoni inji guda suke ajiyewa mai riƙe sunayen kowa, duk mai nema ya tambaye shi. Yaya ta ce, "Su huɗu ne fa, ƙanina." Na ce ai shi ne ci gaba. Na sayo tsohuwar kwamfuta, na kafa ta a ɗakin baya, na zuba mata sunayen, na goge layukan nan kaf daga sauran.

Wata Alhamis wani dattijo makaniki ya shigo daga Suame, unguwar makanikai, baƙin mai har gwiwar hannu. 'Yarsa ta samu makarantar jinya a Tamale, tana cikin mota a tashar Kejetia, ƙarfe sha biyu za su tashi. In ba takardar shiga a hannunta gobe da safe, gurbin ya tafi. Takardar na cikin wayarsa. Na juye ta a kwamfuta, na danna a buga. Kwamfuta ta ce ba ta san wata firinta ba, alhali ga ta nan kusa da gwiwata.

Na ruga ɗakin baya. Ashe Innarmu ta zare injina daga wuta ta jona firjin sobolo, zoɓon da take sayarwa. "Akwatin nan ba ya komai sai zafi," in ji ta. Na mayar, injin ya tsaya dogon nazari, ya ƙi tashi. Gumi ya wanke ni.

"Masta, lokaci na tafiya sosai paa," in ji dattijon.

Yaya ta ture ni, ta rubuta layi ɗaya na firinta a fayil ɗin nan, takarda ta fito. Sha biyu ta gota. Yarinyar ta bugo tana kuka, mota ta tashi.

Yaya ta sa takardar a ambulan ta miƙo min. "Injiniya, akwai motar ƙarfe biyu. Kai mata Tamale."

Dattijon bai san laifina ne ba. Ya riƙe hannuna yana ta sa min albarka har bakin titi. Da ma zagina ya yi.