Tukwicin da Ya Manne wa Piyaseeli a Ƙafa

A matsa gefe, a ba da hanya! Ga Piyaseeli Nanda, sarauniyar murhun gidan hutu na bakin tekun Ahangama, dodon ƙaguwa da barkono, wadda miyarta ta taɓa sa wani Bature yana hawaye yana neman ƙari. Tsayinta bai kai kafaɗata ba, amma manaja kansa sai ya yi gyaran murya kafin ya leƙa kicinta. Ƙanwar babana ce, shi ya sa nake ce mata Nanda, wato gwaggo, don haka duk abin da zan faɗa a kanta ina da lasisin faɗa.

Nanda ba ta tsoron maciji, ba ta tsoron ɗan sanda. Abu ɗaya ke kaɗa mata hanji: nonagate, sa'o'in nan da tsohuwar shekara ta fita, sabuwa ba ta shigo ba, lokacin da ba a hura wuta, ba a aiki, ba a bayar da kuɗi ko a karɓa. Mijinta Siripala masunci ne, kuma mai taurin kai. Wata shekara ya sayar da kifi a cikin sa'o'in, ya soke kuɗin a ƙugu yana yi mata dariya. Kafin damina ta wuce, teku ta dawo da jirginsa babu shi. Kowa ya ce iska ce. Nanda ba ta yi musu da kowa ba, ta dai ɗauki wuƙarta ta shiga aikin girki a gidajen baƙi, da shi ta raini ɗanta Lasantha. Shi kuma da ya girma, don ya ƙarasa ta, sai ya bi sana'ar ubansa. Bana ma sabuwar shekara a tsakiyar teku ta same shi, a babban jirgin da kan yi makonni bai ga ƙasa ba.

To, gidan hutun yana da dokarsa ta tukwici, kuma manajan, Wimal Mahattaya, wato Yallaɓai Wimal, ya fi son dokar nan da matarsa. Baƙo ya miƙo, ka karɓa da hannu biyu, ka yi murmushi, ka kai akwatin da ake raba wa kowa. Wanda ya ƙi karɓa ya kunyata baƙo, ƙofa kuwa a buɗe take. Manajan ya taɓa korar mai shara a kan haka.

Bana nonagate ya faɗo da hantsi, daidai lokacin da wasu Turawa mata da miji za su tafi. Nanda ta gama girki tun da wuri, ta kashe wuta, ta wanke ƙafafunta, ta sa farin zane za ta wurin ibada. Tana juyowa sai ga Baturiyar a bakin kicin, fuska duk fara'a, hannu a miƙe, takardun rupi a tsakanin yatsu.

Nanda ta ja ta tsaya. Ta mayar da hannuwanta baya ta ƙulle su. Baturiyar ta ɗauka kunya ce, ta ƙara matsowa tana wani lallashi da yarensu. Nanda ta ja da baya har ta daki firji. Ba kuɗi take gani ba, jirgi take gani yana lilo babu kowa a ciki.

Wimal Mahattaya ya ɓullo ta bayan baƙuwar. Haƙoransa a waje don Baturiya, muryarsa ƙasa-ƙasa don Nanda.

"Piyaseeli, karɓi."

"Mahattaya, ka san lokacin da muke ciki."

"Na san lokacin da za ki kwashe tukwanenki dai. Wannan gidan baƙi ne, ba gidan boka ba. Karɓi!"

"Yarona yana kan ruwa."

"Ruwan ya san an ba ki tukwici ne? Kada ki zubar mini da mutunci."

Baturiyar ta ga hannu ya ƙi fitowa, sai ta nufi ƙugun zanen Nanda za ta soke kuɗin da kanta. Ihun da Nanda ta yi sai da hankakin kan katanga ya tashi. Ta zille ta ƙarƙashin hannun matar, ta zagaya bayan tebur. Baiwar Allah Baturiya ta yi turus, fuskarta ta yi ja. Mijinta yana ta danna hon a waje. Ta ajiye kuɗin a kan tebur a hankali, kamar mai ajiye wa kare mai cizo abinci, ta fita tana waiwaye.

Kuɗi na kan tebur.

"Kin kyauta," in ji Wimal Mahattaya. "Yanzu ɗauki ki kai akwati, sannan mu yi magana."

"Kai ka ɗauka, Mahattaya. Ai kai ba ka yarda da bokanci ba."

Ya dubi kuɗin. Ya dubi silin. Sai ga hannuwan manaja sun shige aljihun wando sun yi zamansu.

"Ni ba aikina ba ne," ya ce.

Iskar teku ba ruwanta da nonagate. Ta shigo ta taga ta ɗaga takarda ɗaya, ta juya ta a sama, ta sauko da ita ta manna a idon sawun Nanda, inda ruwan wanki bai bushe ba.

Nanda ta ƙame. In ta sa hannu ta cire, ta karɓa. In ta yarfe da ƙafa, ta shure arzikin shekara. Ta tsaya da ƙafar a ɗan ɗage, gumi na bin bayanta, leɓɓanta na motsi da sunan Lasantha.

"Mahattaya, cire mini. Don girman iyayenka."

"Ki... ki bari ta bushe, za ta faɗi da kanta."

Ba ta faɗi ba. Haka suka tsaya, kuku da manaja, kowa na kallon takarda ɗaya, har rana ta karkata, har garin ya ɗauki ƙarar wasan wuta, alamar lokaci mai kyau ya shigo. Sannan ta durƙusa ta ɓamɓare ta, ta jefa a akwati, ta je ta wanke ƙafar da ruwan kurkur har fatar ta yi ja.

Maganar kora ba ta sake tashi ba. Wanda ya ɓoye hannu a aljihu ba ya son a tuna. Amma tambayar da ta hana Nanda sakat ita ce: abin da ya taɓa ƙafa, an karɓa ko ba a karɓa ba? Ta tambayi mai duban taurari, ya ce ya danganta. Jirgin su Lasantha kuwa har yau bai shigo ba. Masu jirgin sun ce kifi ne ya yi yawa, ba komai.

Jiya na same ta a ƙofar bayan kicin tana kankare kwakwa, idonta a kan ruwa. Na tsaya a gabanta na buɗe hannuwa.

"Nanda, na sa ki a rubutu! Duniya za ta san jarumar da ta tsaya da ƙafa ɗaya ta kayar da manaja. Me za ki ce wa masoyanki?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Matsa, ka tare mini teku."